Tabon Rana: Yana Ɗauke Muryar Rediyo, Amma Shi Ke Hana Mu Ruwa?

Duk wanda ya yi wayo a Garwa kafin zuwan wayar hannu ya san irin tsit ɗin da majalisa kan yi idan lokacin labaran duniya ya gabato. Mai shayi ya rage fifita gawayi, masu dara su ɗaga hannu, mai rediyo kuwa ya zare eriya har ƙarshenta yana murɗa allura a hankali kamar mai cire ƙaya. To, wata ranar Litinin, 6 ga watan Maris na 1989, muna zaune a irin wannan majalisa bayan azahar, ana sauraron shirin rana daga Landan, sai murya ta yi ƙasa-ƙasa, ta dusashe, ta ɓace ɗungurungum. Aka murɗa zuwa mita 19, shiru. Aka koma mita 25, shiru. Ko ɗan shuuu ɗin nan da aka saba ji tsakanin tasha da tasha ya ɗauke.

Nan fa kowa ya kawo tasa. Wani ya ce batir ne, aka aiki yaro ya sayo sabo, bai hana ba. Wani ya ce gwamnati ce ta toshe. Wani dattijo kuma ya rage murya ya ce shi dai a saninsa rediyo ba ya yin shiru haka kawai sai an yi juyin mulki a wani wuri. Can zuwa la'asar tashoshi suka dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ya faru. A makonni biyun da suka biyo baya abin ya sake faruwa ba sau ɗaya ba, kuma mun san masu gyaran rediyo da suka karɓi kuɗin gyaran akwatunan da lafiyarsu ƙalau. Ba mu ce sun yi ha'inci ba, domin su ma ba su san dawar garin ba. Mai laifin yana can nesa da mu da kilomita miliyan 150.

Mene ne tabon rana?

Ranar nan da muke gani fes kamar sabon faranti, idan aka dube ta da na'urar da ta dace akan iske wasu baƙaƙen tabo a fuskarta. Ba ramuka ba ne, ba kuma datti ba ne. Wurare ne da ƙarfin maganaɗisu ya cukurkuɗe ya hana zafin ciki tasowa yadda ya saba, saboda haka sai su ɗan huce. Zafin fuskar rana ya kai digiri 5,500 a ma'aunin Salsiyas, tsakiyar tabo kuwa yana wajen 3,500 zuwa 4,000. Wato shi ma wuta ne ganga-ganga, hasken da ke kewaye da shi ne kawai ya fi shi har ya zama kamar baƙi. Wani tabon ya fi duniyarmu faɗi sau da yawa. Yakan yi kwanaki ko makonni, wani har watanni, sannan ya baje.

Mutanen Sin sun rubuta labarin ganinsa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Galileo na ƙasar Italiya da wasu tsararrakinsa sun dube shi da madubin hangen nesa wajen 1610 zuwa 1612. Amma wanda ya gano sirrin da ya shafe mu wani mai sayar da magani ne a garin Dessau na Jamus, Heinrich Schwabe. Wannan bawan Allah wata duniya yake nema kusa da rana, don haka tun daga 1826 duk ranar da gari ya waye ba hadari sai ya duba ya zana abin da ya gani. Duniyar da yake nema bai same ta ba. Abin da ya samu bayan shekara 17 shi ne cewa tabon nan yana da damina da rani: yakan yi yawa, ya ragu har ya kusa ƙarewa, ya sake yawa, kuma zagayen yakan ɗauki kimanin shekara 10, wanda daga baya aka daidaita lissafin zuwa 11. Masana sun sa wa zagayen lamba tun daga 1755. Wanda muke ciki shi ne na 25, ya fara a watan Disamba na 2019, kuma a watan Oktoba na 2024 hukumomin sararin samaniya da na yanayi na Amurka suka ba da sanarwar cewa ya kai ganiyarsa.

Abin lura shi ne, tabon ba shi ne ke yin ɓarnar da kansa ba. Alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Inda tabo ya yi cincirindo, nan maganaɗisun kan tsinke ya yi wata irin walƙiya mai tsanani wadda haskenta ke iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Wani lokaci kuma rana ta yi aman wani gajimare na iska mai lantarki, wanda kan ɗauki yini ɗaya zuwa kwana uku kafin ya daki duniya. Walƙiyar ce ta ɗauke mana Landan a ranar 6 ga Maris. Aman da ya biyo baya kuwa, ranar 13 ga watan, shi ya kashe wutar lantarkin lardin Kebek na Kanada baki ɗaya, mutum miliyan 6 suka zauna cikin duhu da sanyi wajen awa 9.

Rumfar da ke samanmu

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa rana da akwatin rediyo? Amsar tana cikin yadda gajeren zango ke tafiya. Duniya a dunƙule take, saƙon rediyo kuwa miƙewa yake yi, ba ya bin lanƙwasar ƙasa zuwa nesa. In da babu wani abu a sama, da muryar da ta tashi daga Turai ta wuce can cikin taurari, ba mai jin ta a Garwa. Cikin ikon Allah, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita a samanmu akwai wata rumfa ta iska wadda hasken rana ke cika ta da lantarki, masana suna kiran ta ayonosfiya. Ita ce ke tare saƙon ta dawo da shi ƙasa, ƙasa ta sake cilla shi sama, haka dai yana tsalle kamar ƙwallo har ya ƙetare sahara. Bature Edward Appleton ne ya tabbatar da samuwarta a 1924, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1947.

Rumfar nan hawa-hawa ce. Ta can sama, wajen kilomita 300, ita ce madubin da ke dawo da murya. Ta ƙasa-ƙasa kuwa, wadda ke samuwa da rana kawai, soso ce, shanye murya take yi, musamman ta manyan mitoci irin su 49 da 60. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu gabatar da shiri suka saba cewa a kama su a kan mita 16 da 19 da rana, amma da asuba ko da dare su ce mita 31 da 41 da 49. Ba son wahalar da mai sauraro ba ne. Idan babbar walƙiya ta tashi daga rana, soson nan na ƙasa yakan yi kauri nan take, ya shanye komai a duk ɓangaren duniyar da rana take haskawa a lokacin, na 'yan mintoci ko awa ɗaya ko fiye. Shi ya sa wannan irin ɗaukewar ba ta faruwa da dare. Duk wanda rediyonsa ya mutu bayan isha'i, to ya duba batir.

Sai dai kuma kada a ɗauka yawan tabo sharri ne ga mai rediyo. Akasin haka ma ya fi yawa. A shekarun da tabo ya yi yawa madubin sama yakan yi ƙarfi, ƙananan mitoci irin su 13 da 16 su buɗe, tashar da ke wata uwa duniya ta shigo ɗaki tangaram kamar daga Yola take. A shekarun ƙaranci, irin 1996 da 2008 da 2019, waɗannan mitoci sukan yi rauni, tashoshi su yi ta cunkushewa a mita 31 da 41 suna hawa kan juna. A 2008 da 2019 an yi fiye da kwana 250 a kowace shekara ba a ga tabo ko ɗaya ba.

A nan akwai wata faɗuwa da ta zo daidai da zama. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a watan Maris na 1957, Rediyon Garwa kuma aka buɗe shi a 1958. Waɗannan shekaru biyu su ne ganiyar zagaye na 19, wanda tun da aka fara ƙirga tabo ba a taɓa ganin mai yawansa ba. Ma'ana, iyayenmu sun fara sauraron Landan ne a ƙarƙashin madubi mafi ƙarfi da aka sani. Saboda haka idan tsoho ya ce rediyon da ya fi na yanzu murya, kada a yi saurin cewa son zamaninsa ne kawai ke magana.

Rediyon Garwa shi kuwa wata dabara ya bi. An ware mitoci 120 da 90 da 60 domin ƙasashe masu zafi, saboda tsawa da walƙiyar damina suna cika matsakaicin zango da ƙaraf-ƙaraf. Tashar ta daɗe tana watsa shiri a kan mita 60, kilohaz 5010. Akan harba saƙon kusan tsaye sama, ya faɗo kamar lema a kan ƙasa mai faɗin ɗaruruwan kilomita, ya shiga har kwazazzaban duwatsun Mandara inda FM ba ya leƙawa, makiyayi a bakin Faro da masunci a Logon su ji sanarwa da Fulatanci ko Hausa a lokaci guda. Da dare kuwa, idan soson ƙasa ya janye, muryar Garwa takan kai Turai da Amurka, inda masu sha'awar farautar tashoshin nesa kan rubuto wasiƙa suna neman a tabbatar musu cewa lalle Garwa suka kama. Wannan zango ya daɗe da yin shiru, gidan rediyon ya koma FM, kuma a ganinmu an yi asarar da ba a lissafa ba.

Muna ƙarƙashin ɗamarar maganaɗisu

Akwai wani abu game da samaniyar Garwa da Marwa wanda ba kowa ya sani ba. Ban da layin ikwaita da ake koyarwa a makaranta, wanda ya bi ta Gabon, akwai wani na biyu na maganaɗisu, inda allurar kamfas ke kwanciya sambal ba ta sunkuya ba. A wannan yanki na Afirka layin ya ratsa ta wajen digiri 10 arewa, wato ba shi da nisa da kanmu. Da rana wani kogin lantarki yana gudana daga yamma zuwa gabas a kan wannan layi, kimanin kilomita 100 a sama. Masu bincike na Faransa sun jera na'urori a Cadi da Afirka ta Tsakiya a ƙarshen shekarun 1960 domin auna shi, aka sake yin irin wannan aiki daga Kwaddibuwa zuwa Tambutu a 1993 da 1994.

Abin da ya shafi mai sauraro shi ne bayan magariba. Da rana ta faɗi, rumfar kan yi tsalle sama, ta yi kumfa-kumfa kamar nonon da aka kaɗa. Shi ya sa wani lokaci da almuru za ka ji muryar mai karanta labarai tana karkarwa kamar daga cikin rijiya yake magana. Abin ya fi yawa wajen Maris da Afrilu, da kuma Satumba da Oktoba, ya kuma fi tsanani a shekarun yawan tabo. Da, rediyo kawai yake damu. Yanzu yana rikita saƙon GPS da ke sauka daga tauraron ɗan'adam, wanda masu awon filaye da jiragen sama suke dogara da shi, har ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙalubalen hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin Kamaru da maƙwabtanta, a ƙoƙarinta na saukar da jirgi da taimakon tauraro.

Amma fa a bar rana ta huta game da wayar hannu da FM. Su daga eriya zuwa eriya suke tafiya, ba ruwansu da rumfar sama. Haka nan ɗaukewar wuta. Gaskiya ne guguwar rana ta watan Oktoba na 2003 ta lalata manyan taransifoma a Afirka ta Kudu, amma duhun da arewacin Kamaru ya sha a 2021 daga raguwar ruwa a madatsar Lagdo ya fito.

Wani zai ce, ai gajeren zango ya zama tarihi. Ba mu yarda ba tukuna. Lokacin da hukumomin Nijar suka dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, suka kuma dakatar da BBC na wata uku a watan Disamba na 2024, eriyar FM da ke cikin gari aka kashe. Rumfar da ke sama ba ta da makunni a ofishin kowa.

To, batun ruwa fa?

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin rasa labaran rana ɗaya ba ya kashe kowa, amma rasa damina yana yi. Duk wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya bukatar a ba shi labari: shanu sun faɗi, mutanen arewa mai nisa sun yi ta gangarowa kwarin Binuwai neman ƙasar noma, tafkin Cadi wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya rabu gida biyu ya yi ta janyewa. Madatsar Lagdo da 'yan Sin suka gina daga 1977 zuwa 1982, da fari ta fara gaisawa. To, a cire 1973 daga 1984, saura nawa? Sha ɗaya. Wannan lissafi ya ja hankalin mutane da yawa, mu ma ya taɓa jan namu.

Ba mu ne farau ba. Tun 1801 masanin taurari William Herschel ya gwada haɗa yawan tabo da farashin alkama a Ingila. A 1923 wani masanin yanayi na Ingila, Brooks, ya nuna cewa ruwan tafkin Biktoriya na gabashin Afirka yana hawa da sauka tare da tabon rana, kuma na wajen shekara 20 layukan biyu sun yi tafiya kamar Hassan da Usaini. Ba a daɗe da wallafa binciken ba suka raba hanya. A farkon shekarun 1960 ma tafkin ya cika ya batse alhali tabo yana raguwa.

Mu gwada namu lissafin da shekarun da muka sani. Idan 1973 da 1984 ƙa'ida ce, da 1995 da 2006 da 2017 sun zo da bala'i irin wancan, amma ba su zo ba. A 1994 ma ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda mutanen ƙasar Hausa suka sa wa suna Kakalaba, ta zo ne lokacin da fuskar rana take fes ba tabo. Mai neman hujja zai ce, ka ga ni, ƙarancin tabo ke kawo fari. To, 1954 ma shekarar ƙaranci ce, kuma tana tsakiyar shekarun 1950 da aka fi samun ruwa a Sahel. A 2020, tabo bai ko farfaɗo ba, kogin Kwara ya shiga gidajen Yamai. A juya maganar a ce yawan tabo ke kawo ruwa, ga ambaliyar Yagwa da Kusiri da Maiduguri a 2024. Amma 1990 ma shekarar yawan tabo ce, kuma damina ta yi gardama. Ambaliyar da ta ci Garwa da ƙauyukan bakin Binuwai a watan Agusta na 2012 kuwa ta zo ne a cikin zagaye na 24, mafi rauni a shekara 100. Ko ta ina aka ja igiyar, sai ta tsinke.

Wannan ba ya nufin rana ba ta da hannu ko kaɗan. Tun 1978 ake auna haskenta daga tauraron ɗan'adam, an kuma ga cewa tsakanin yawan tabo da ƙarancinsa hasken yana canzawa da kimanin kashi 1 cikin 1,000. Abin mamaki, lokacin yawan tabon ne ta fi haske, domin wurare masu ƙyalli da ke kewaye da tabon sun rinjayi duhunsa. Wannan yana motsa zafin duniya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Akan kuma kawo misalin 1645 zuwa 1715, shekara 70 da tabo ya kusa ɓacewa, Turai ta sha sanyi har kogin Landan ya daskare. Sai dai sanyin ya fara kafin nan, ya kuma wuce nan, kuma aman duwatsu yana da kaso babba a ciki.

Asalin damina tamu daga teku yake. Iskar da ke kawo mana hadari daga tekun Atilantika take tasowa ta mashigin Gini, kuma nisan da za ta yi zuwa arewa ya danganta da wane ɓangare na tekun ya fi ɗumi. A 1975 Jule Charney na Amurka ya ɗora laifin a kan ƙarewar ciyawa da itatuwa, maganar da aka daɗe ana dukan makiyayi da ita. A 1986 Folland da abokan aikinsa na ofishin yanayi na Ingila suka nuna cewa shekarun fari su ne waɗanda tekunan kudu suka fi na arewa ɗumi, binciken Alessandra Giannini na 2003 kuma ya ƙarfafa haka. Daga baya aka gano cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai ɗauke da farar wuta ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atilantika a waɗancan shekaru, ya tura hadari kudu. Ga kuma ɗumamar tekun Fasifik da ake kira El Nino, wadda ta auku a 1972 da kuma 1982 zuwa 1983.

Haka batun zafi. A azumin 2024, lokacin da garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, mu ma nan muna kwana a tsakar gida muna jiƙa zane, saƙonni sun yi ta yawo a wayoyi cewa rana ce ta fashe. An bar jaki ana dukan taiki. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce duniya ta ƙara ɗumi da kimanin digiri 1.1 tun ƙarshen ƙarni na 19, kusan duka daga hayaƙin gawayin ƙasa da fetur da gas da sare daji, rabon rana da aman duwatsu kuwa bai wuce 0.1 ba. Saboda haka manomin auduga ko masakwa da aka ce wa ya rage shuka, ko makiyayin da aka ce wa ya karyar da shanunsa domin wai shekarar tabo ta zagayo, ya riƙe dukiyarsa. Hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da hukumomin yanayi ke fitarwa kafin faɗuwar ruwa, wanda aka gina a kan zafin teku, shi ma yakan kuskure, amma ya fi wannan lissafi madogara nesa ba kusa ba.

Ga mai son gani da idonsa

Lokacin hunturu, idan hazo ya yi kauri rana ta fito kamar jan faifai, wasu sukan hango ɗigon baƙi a jikinta idan tabon babba ne, irin na watan Mayu na 2024 wanda ya fi duniya faɗi fiye da sau 10. Muna roƙon masu karatu, musamman yara, kada su gwada. Hazo yana rage haske, ba ya tare abin da ke ƙona ido, kuma ƙunar ba ta da zafi balle mutum ya ankara. Baƙin tabarau da gilashin da aka shafa wa baƙin fitila duk ba su tsare komai.

Hanyar da ba ta da haɗari ita ce a samu ɗan madubi, a rufe shi da takarda a bar 'yar kafa kamar ƙwayar gero babba, a ajiye shi a rana, a karkata haskensa ya shiga ta taga ya faɗa kan farar takarda a cikin ɗaki mai duhu, taku 10 ko fiye daga madubin. Da'irar da za ta fito hoton rana ce, kuma idan akwai babban tabo za a gan shi kamar ƙuda a kan faifai. A zana inda yake, a sake dubawa bayan kwana biyu, za a iske ya gusa, domin rana ma juyawa take yi, tana kammala zagaye cikin kimanin kwana 27. Malaman makaranta suna iya yin wannan da ɗalibansu ba tare da kashe ko dala ba. Sai dai a hanzarta, domin tabon ya kama hanyar raguwa, kuma masana suna sa ran wajen 2030 fuskar rana za ta sake yin fes. Masu tsohon akwati kuwa, su fara saba wa allurarsu da mita 31 da 41.